SHIN KO KUN SAN? Aikin Ciki Ba Tare Da An Farke Ciki Ba

A Gaya ko Ajingi, ranar da likita ya ce da mutum "sai an yi maka aiki", gidan nan kan yi tsit. Abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne doguwar tsaga daga ƙahon zuci zuwa mara, jinyar makonni, da gonar da ciyawa za ta cinye. Wannan tsoro ne ke mayar da mutane da yawa gida, su koma wa jiƙo da kanwa har ciwo ya ci ƙarfinsu. Alhali kuwa ilimin fiɗa ya daɗe da wuce inda muka san shi. Ga abin da filinmu ya tattaro muku a wannan makon.

YADDA AIKIN YAKE

Shin ko kun san ana iya cire afendis ko matsarmama, a gyara ƙaba, har a yanke sashen hanjin da ya lalace, ba tare da an farke ciki ba? Huda uku ko huɗu ake yi, kowace faɗinta daga rabin santimita zuwa santimita ɗaya da 'yan kai. Ta ɗaya, galibi a cibiya, ake zura siririn bututu mai fitila da kyamara. Ta sauran ake zura almakashi da hantsaki masu dogon hannu. Likitoci na ce masa lafaroskofi, mu kuwa bari mu ce aikin kyamara. Kamar ɗibar hatsi ne ta ƙofar rumbu, ba sai an rushe bango ba.

Shin ko kun san sai an hura cikin majinyaci da iska kafin a fara? Kayan ciki a cunkushe suke, babu wurin motsa kayan aiki. Sai a busa iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, fatar ciki ta ɗaga ta bar fili. An zaɓe ta ne don ba ta kama wuta, tunda da lantarki ake ƙone bakin jijiya a tsayar da jini, kuma abin da ya saura jini na shanye shi, huhu ya fitar.

Shin ko kun san wanda aka yi wa aikin a ciki yakan farka yana kukan kafaɗa? Ba sabon ciwo ba ne. Ragowar iskar ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar tantanin nan kuwa daga wuya ta fito, wuri ɗaya da ta kafaɗa. Cikin 'yan kwanaki yakan wuce.

Shin ko kun san likita ba cikin majinyaci yake kallo ba, allon talabijin yake kallo? Kyamarar na ƙara girman komai, har 'yar jijiyar da ido ba zai lura da ita ba ta fito ɓaro-ɓaro. Kuma duk wanda ke ɗakin tiyata yana ganin abin da ake yi, daga mai miƙa kayan aiki har ɗalibi. Sai dai likita ba ya taɓa hanji da yatsunsa, don haka koyon aikin na cin lokaci, kuma a akwatin gwaji ake fara shi kafin a taɓa mutum.

Shin ko kun san ƙarancin huda ba ya nufin ƙaramin aiki? Galibi sai an sa mutum barci gaba ɗaya, na'ura ta riƙe masa numfashi. Shi ya sa ake hana abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, don kada abin da ke tumbi ya kwararo cikin huhu. Uwar da ta ba ɗanta koko a ɓoye don tausayi ta jefa shi cikin haɗari ba ta sani ba.

Shin ko kun san kyamarar na raba gardama? Mace na iya zuwa da ciwo a mara ta dama, hoto ya kasa tantance ko afendis ne, ko ƙari a ƙwan haihuwa, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Da an leƙa sai a ga zahiri, a yi gyara ta hudar nan a zama ɗaya.

DAGA INA ABIN YA FARO?

Shin ko kun san fiɗa ba ta taɓa yin gaba ba sai da maƙeri a gefen likita? Mutanen Gaya ba baƙin wannan sana'a ba ne: labarin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙarsa kafin ya isa Daura, kuma daga Gaya Abagayawa suka nufi Dala neman tama. Madubin da ake leƙa ciki da shi a yau ma haɗin gwiwa ne tsakanin masanin haske Harold Hopkins na Ingila da maƙerin kayan asibiti Karl Storz na garin Tuttlingen a Jamus, a shekarun 1960.

Shin ko kun san wani malamin Musulunci na Andalus ya zana kayan fiɗa kusan 200 shekara dubu da suka wuce? Abul Ƙasim Az-Zahrawi ke nan, wanda ya rasu wajen 1013. Littafinsa At-Tasrif juzu'i 30 ne, na ƙarshen kan fiɗa. Ya yi ɗinkin cikin jiki da zaren hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa da kansa.

Shin ko kun san kare aka fara leƙa cikinsa? Georg Kelling ne ya yi haka a Jamus a 1901. A 1910 Hans Christian Jacobaeus na Suwidin ya yi wa mutane.

Shin ko kun san wanda ya fara cire afendis ta kyamara likitan mata ne? Kurt Semm ke nan, a birnin Kiel na Jamus, a 1980. Maimakon yabo, manyan likitocin fiɗa na ƙasarsa suka nemi a dakatar da shi. Haka Erich Mühe, wanda ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a watan Satumba na 1985: takwarorinsa sun yi watsi da aikinsa, sai a 1992 ƙungiyarsu ta dawo ta karrama shi.

Shin ko kun san an taɓa yi wa wata mata aiki a Faransa alhali likitanta na zaune a Amurka? Ranar 7 ga Satumba, 2001, Farfesa Jacques Marescaux, daga New York, ya sarrafa mutum-mutumin fiɗa da ke Strasbourg, ya cire matsarmamar wata dattijuwa mai shekara 68, da tazarar sama da kilomita 6,000 a tsakaninsu. Cibiyar horaswar da ya kafa ta buɗe reshe a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2023, don koya wa likitocin Afirka aikin kyamara.

ME SAKAMAKO YA NUNA?

Shin ko kun san wanda aka cire wa matsarmama ta kyamara kan koma gida a ranar ko washegari? Cikin mako biyu galibi ya koma harkokinsa. Wanda aka farke kuwa yakan yi kwana 3 zuwa 5 a gado, warkewa ta ɗauki mako 6 zuwa 8. Ga ma'aikacin ofis, bambancin na 'yan kwanakin hutu ne. Ga manomin Kademi ko Toranke da ciwo ya kama a farkon damina, bambancin shi ne ko ya riski noman farko da maimai, ko shekarar ta wuce shi.

Shin ko kun san mutum na rayuwa lafiya lau babu matsarmama? Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo, ita matsarmama ajiya kawai take yi, abin da bai fi cokali uku zuwa huɗu ba. In an cire ta, ruwan na gangarawa hanji kai tsaye.

Shin ko kun san masu sikila na yawan samun tsakuwa a matsarmama, tun suna yara? Jajayen ƙwayoyin jininsu na saurin fashewa, launin da ke fita daga cikinsu ya taru ya daskare. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura, ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara. Ba kowane ciwon ciki na mai sikila ne tashin ciwonsa ba. In yana yawan kukan gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, a yi masa hoton ciki.

Shin ko kun san a aikin afendis, kyamara na rage ruɓewar ɗinki da kusan rabi? Haka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ya nuna: zafi ya ragu, kwanan asibiti ya ragu da kamar kwana ɗaya, an koma aiki da wuri. Amma binciken bai ɓoye ɗaya gefen ba: a manya, taruwar mugunya a can cikin ciki ta ɗan fi yawa bayan aikin kyamara. Kowace hanya da ribarta da kuma abin lura.

Shin ko kun san an daɗe ana fargabar yin aikin ciwon dajin hanji ta kyamara, don gudun kada a bar saura? Manyan gwaje-gwaje a Amurka da Turai a farkon shekarun 2000 suka nuna tsawon rai bayan aiki ɗaya ne a hanyoyin biyu, sai dai na kyamara ya fi saurin miƙewa.

Shin ko kun san a gyaran ƙaba, tsohuwar hanya ba ta tsufa ba? Ana iya yanka kaɗan a matsematsi, a shimfiɗa raga, da allurar kashe wurin kawai, mutum na farke. Kyamara ta fi amfani in ƙabar ta gefe biyu ce, ko ta dawo bayan an taɓa gyara ta. A Yuganda ma an gwada ragar gidan sauro irin ta musamman da aka tsarkake, aka buga sakamakon a 2016: ta yi aiki daidai da ragar kamfani mai tsada. Mai ƙaba kada ya zauna jiran kyamara, asibitin da ke kusa da shi ya nufa.

Shin ko kun san likita na iya farawa da kyamara ya ƙare da farke ciki? A aikin matsarmama da aka shirya, hakan kan faru ga kamar mutum 5 cikin 100, in kayan ciki sun manne, ko jini ya ɓalle, ko hanya ba ta fito sarai ba. Wannan ba gazawa ba ce, hankali ne. Kuskuren da likitoci suka fi tsoro shi ne yanke babbar magudanar ruwan ɗaci, abin da kan auku ga mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000. Gara doguwar tsaga da wannan.

BABU KO HUDA: TA BAKI DA TA ƘASA

Shin ko kun san ana leƙa maƙogwaro da tumbi da farkon hanji ta baki, da lanƙwasasshen bututu mai kaurin yatsa? Shi ne endoskofi. Minti 10 zuwa 15 ya isa, a fesa maganin kashe maƙoshi, mutum ya koma gida a ranar. Basil Hirschowitz, wanda ya ƙirƙiro irin mai lanƙwasa a 1957, da kansa ya fara haɗiye shi kafin ya gwada a kan majinyaci.

Shin ko kun san yawancin olsa ba yunwa ce ke kawo ta ba? Wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda ke cikin tumbin kusan rabin mutanen duniya. Da aka ƙi yarda da shi, likita Barry Marshall na Ostareliya ya shanye ƙwayar a 1984, ya kamu, ya kafa hujja. Shi da Robin Warren sun sami kyautar Nobel a 2005. Haɗin magani na kwana 10 zuwa 14 na kashe ta.

Shin ko kun san maganin ciwon jiki na iya huda tumbi? Diklofenak da ibuprofen da danginsu, waɗanda manoma da 'yan dako da 'yan acaba ke saye a ƙulle su watsa a baki kullum bayan aiki, suna cin fatar tumbi sannu a hankali. Ranar da ta ɓule, ciwo kan zo farat ɗaya, ciki ya sandare. In an iso da wuri, ana iya ɗinke ɓular ta kyamara. In an kwana biyu, sai an farke an wanke.

Shin ko kun san ana tsayar da aman jini ba tare da wuƙa ba? In hanta ta ƙandare saboda ciwon hanta nau'in B, ko saboda tsutsar da ake ɗauka a ruwan kogi da kududdufi, jijiyoyin maƙogwaro kan kumbura su fashe. Ta endoskofi ake ɗaure su da 'yan zoben roba.

Shin ko kun san ba kowane jini a bayan gida ne basir ba? Ciwon dajin babban hanji yakan faro ne daga ɗan tsiro, wanda kan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe. In an leƙa ta dubura aka gan shi, a take ake tsinke shi, magana ta ƙare. Wanda ya haura shekara 40 yana ganin jini, yana ramewa, ko yanayin bayan gidansa ya sauya, kada kunya ko mai tallar maganin basir a kasuwa su ci masa lokaci.

Shin ko kun san akwai kyamarar da ake haɗiya kamar ƙwayar magani? Tun 2001 aka amince da ita. Tana bin ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 6, ta ɗauki hotuna kusan 50,000 cikin awa 8, sannan ta fita da bayan gida.

MU A NAN GIDA

Shin ko kun san ba sai an je Indiya ko Masar ba? Ana aikin kyamara da endoskofi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Ga mutumin Shagogo ko Balare, hanyar ita ce Babban Asibitin Gaya tukuna, likita ya duba, in da buƙata ya rubuta takardar turawa, a bi ta Wudil zuwa Kano. Takardar nan na rage wahala da ɓata lokaci.

Shin ko kun san abin da ke hana aikin yaɗuwa a karkara ba kyamarar ba ce kaɗai? Yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya, tukunyar iska, hanyar tsarkake siraran kayan aiki, ƙwararren mai sa barci, da injiniyan gyara. Shi ya sa a wasu asibitocin ƙauye a Indiya ake ɗaga fatar ciki da ƙarfe maimakon iska, a yi aikin da allurar baya.

Shin ko kun san mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci da sauƙin kuɗi in buƙata ta taso? Kwamitin mujallar Lancet ne ya fitar da wannan a 2015. Ma'aunin da ya kafa shi ne mutum ya iya isa, cikin awa 2, asibitin da zai yi ayyuka uku: farke ciki na gaggawa, fiɗar haihuwa, da gyaran karayar da ƙashi ya huda fata. Kowace mazaɓa a Gaya da Ajingi na iya auna kanta da wannan, musamman a watan Agusta in hanyoyi sun caɓe.

Shin ko kun san haɗarin ya fi yawa bayan an fito daga ɗakin tiyata? Wani bincike a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, a kan majinyata sama da 11,000, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa duk da majinyatanmu sun fi ƙuruciya, mutuwarsu bayan aiki ta ninka ta sauran duniya sau biyu, kuma mafi yawa a kwanakin jinya ne. Don haka mai jinya ya sa ido: zazzaɓi, kumburin ciki, amai, haki, ko raguwar fitsari, a sanar da nas nan take, ko da tsakar dare ne.

Shin ko kun san zazzaɓin taifod na huda hanji? A mako na biyu zuwa na uku yakan ɓula ƙarshen ƙaramin hanji, ƙazanta ta malale cikin ciki. Yara 'yan makaranta ya fi kamawa, kuma yana cikin manyan dalilan farke cikin yara na gaggawa a Arewa. A nan kyamara ba ta cika amfani ba, domin kafin a iso ciki ya riga ya cika da mugunya. Tsaftataccen ruwan sha, masai mai murfi da wanke hannu sun fi kowace na'ura ceton waɗannan yara.

Shin ko kun san afendis na da salon tafiyarsa? Ciwo kan fara a kewayen cibiya, bayan 'yan awoyi ya koma mara ta dama, abinci ya fita a rai, jiki ya yi ɗumi. Bayan kamar awa 36 zuwa 48, haɗarin fashewa na ƙaruwa. Wanda ya zo a ranar farko, huda uku na iya isarsa. Wanda ya zo a rana ta biyar, ya sha jiƙo an yi masa tsaga, sai abin da hali ya yi.

Shin ko kun san alamomin da ba a kwana da su a gida? Ciwon ciki mai ƙaruwa da ya wuce awa 6. Ciki ya yi tauri, ba ya son taɓi. Amai kore. Ɗaukewar bayan gida da tusa tare da kumburi. Ƙabar da ta fito ta ƙi komawa tana zafi. Aman jini ko baƙin bayan gida. Idanu rawaya tare da zazzaɓi. A irin wannan hali kada a ba da abinci, kada a ba da maganin gudawa, a nemi mota.

Shin ko kun san Jihar Kano na da hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KSCHMA, wadda dokarta ta fito a 2016? Kuɗin aiki ne ke sa magidanci sayar da bijimin huɗa ko jinginar da gona. Rajista tun ana lafiya ake yin ta, kuma mai yi ya tambaya dalla-dalla waɗanne ayyuka ne tsarin ya ɗauke.

Duk abin da muka zayyano ya tsaya ne a kan abu ɗaya: girman yankan da za a yi wa mutum ya danganta da ranar da ya iso asibiti. Wannan rabon iyali ne, su daina jira sai ciwo ya kwantar. Rabon shugabanni kuwa, daga kansila zuwa 'yan majalisar mazaɓar Gaya da Ajingi da Albasu, shi ne su bi abin daki-daki: wutar sola a ɗakin tiyata, ma'ajiyar jini, mai sa barci, motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki, sannan kyamara da horar da likitan da zai riƙe ta. Limamai da dagatai da masu unguwanni su ma su riƙa faɗa wa jama'a cewa neman magani da wuri ba rashin tawakkali ba ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana kiyayewa. Sai mako mai zuwa.